Darasi: Jaririn da Aka Haifa Babu Hannuwa

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi wata larura da ba kasafai ake ganinta ba, wato a haifi jariri babu hannu ɗaya ko duka biyu. Likitoci suna kiranta ameliya. A cikin haihuwa 100,000, jariri ɗaya ko biyu ne ke zuwa da ita.

Mu sani cewa gaɓoɓin ɗan tayi suna tsirowa tsakanin mako na 4 da na 8 na ciki, lokacin da mace sau da yawa ba ta ma san tana da juna biyu ba. Idan wani abu ya tare wannan tsiro, sai hannu ya ƙi fitowa. Wani lokaci daga ƙwayoyin gado ne, wani lokaci daga magani.

Babban misali shi ne talidomaid, wanda aka fara sayarwa a Jamus ta Yamma a 1957, masu ciki suna sha don tashin zuciya. Kafin a janye shi a 1961, an haifi jarirai fiye da 10,000 da naƙasar gaɓoɓi. Amurka ta tsira daga mafi yawan wannan bala'i domin Dokta Frances Kelsey ta hukumar FDA ta ƙi amincewa da shi.

To, mene ne namu a nan New York? Na farko, mai ciki kada ta sha maganin da aka aiko daga gida, na bature ko na gargajiya, sai likita ya gani. Na biyu, idan Allah Ya kawo irin wannan yaro, kada a ɓoye shi a ɗaki. Birnin yana da shirin Early Intervention na yara 'yan ƙasa da shekara 3, kyauta ne, a kira 311. Na uku, mu daina ɗora wa uwa laifi ko cewa aikin aljanu ne.

Jessica Cox, wadda aka haifa babu hannuwa a Arizona a 1983, ta sami lasin tuƙa jirgin sama a 2008, da ƙafafunta take tuƙi. Yaranmu ma za su iya, in mun ba su karatu da ƙauna. Allah Ya raya mana zuri'a.