Matakan Haɗa Taron Koyon Ƙera Kayan Ado Daga Tarkace

Da an gama ɓarar masara an kai auduga sikeli, hannu yakan sami sarari a ƙasar Funtuwa da Malumfashi, aljihu ya ɗan yi nauyi, bukukuwan aure su kankama. Daga Disamba zuwa Fabrairu ne ya fi dacewa masu sana'ar hannu su haɗu su koya wa matasa da matan unguwa ƙera sarƙa, awarwaro da 'yan kunne daga abin da ake zubarwa. Ba baƙon abu ba ne: a Bida, mutanen Masaga sun daɗe suna narka fasassun kwalabe su fitar da duwatsun ado, haka ma 'yan ƙabilar Krobo a Gana.

Mataki na 1: Haɗa masu koyarwa. Mutum huɗu sun isa: maƙerin fari, baduku, tela, da wata uwa da ta iya shirya jigida da tsakiya. Wannan uwa ita za ta faɗa muku launin da amare ke yayi, don haka kada a mayar da ita 'yar rakiya.

Mataki na 2: Yanke maganar kuɗi tun ba a sayar da ko zobe ɗaya ba. Nan ne yawancin haɗin gwiwa ke watsewa. Awarwaro guda zai iya ratsa hannu uku: maƙeri ya lanƙwasa waya, baduku ya naɗe ta da fata, wata ta jera duwatsu. To na wa ne? Shawarata a raba cinikin kowane kaya gida uku: kaso ɗaya ga asusun sayen kayan aiki, ɗaya ga wanda ya koyar, ɗaya ga ɗalibin da ya ƙarasa. In kun ga wani rabon ya fi muku, babu laifi, amma a rubuta shi a littafi gaban mai unguwa, kowa ya sa hannu. Mai riƙe kuɗi daban, mai riƙe littafi daban.

Mataki na 3: Wuri. Ku nemi aron aji a makarantar Islamiyya ranar Alhamis ko Juma'a da ba a karatu. Aikin wuta ya tsaya a maƙera. Matan da ba sa fita a kai musu aikin naɗi da jeri har gida.

Mataki na 4: Tara kaya, da sanin abin da ba a taɓawa. Ƙyallayen atamfa da shadda na wurin teloli, guntayen fata na wurin dukawa, ƙaho na mahauta. Wayar jan ƙarfe kuwa sai wurin masu gyaran fanka da janareto, daga ƙonannen kwayil. Duk wanda ya zo muku da sabuwar waya mai kauri da araha, ku sallame shi. Wataƙila daga turken lantarki aka yanko ta.

Abu biyu kada su shigo ajin ko kusa. Na ɗaya, robar maganin feshi da na ciyawa, wadda ke zube a kowace gona a yankin nan. Wanki ba ya raba ta da guba, kayan ado kuma a jikin fata suke kwana. Na biyu, dalmar tsohon batir. Tana da sauƙin narkewa, shi ya sa take ruɗar sabon hannu, amma gubar dalma ce ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara a 2010. Goyo kuwa duk abin da ya kamo a wuyan uwarsa, baki yake kaiwa.

Mataki na 5: Fara da dutsen ƙyalle, don kowa zai iya shi a zaman farko. A yanka atamfa doguwa mai tsini, gindinta kamar santimita 2, tsawonta kamar 20. A shafa gam, a naɗa a jikin tsinke daga gindi zuwa tsini, a matse sosai. In ya bushe a zare, a shafa banish sau biyu.

Mataki na 6: Aikin waya. Maƙeri ya gasa ta har ta yi ja-ja, ya tsoma a ruwa. Za ta yi laushi. A naɗa ta a jikin ƙusa, a zare, a yanka zobe-zobe, a sarƙafa su da filaya: sarƙa ta samu. Awarwaro kuma a jikin bututu ake lanƙwasa shi, a goge bakin da magagari don kada ya yagi mayafi. Lemon tsami da gishiri na fito da hasken jan ƙarfe. Waya mai rigar roba a feɗe ta da wuƙa, kada a ƙona. Maratayin 'yan kunne kaɗai ku sayi sabo, saboda jan ƙarfe na ɓata hujin kunne.

Mataki na 7: Gwaji kafin talla. Ɗalibai su sa kayan na mako guda, a yi wanke-wanke da alwala da su. Wanda ya tsinke ko ya zuba, a warware a sake.

Mataki na 8: Kasuwa. Ku fara da dillalai mata da ke shiga gidajen biki, sannan ku gwada kasuwannin Bakori, Kafur da Dandume. Ku faɗa wa mai saye gaskiyar abin da aka yi kayan da shi, kada a kira jan ƙarfe zinari. Kuɗin asusu kuma kada a taɓa shi sai an sayi filaya da magagari na biyu, domin ɗalibai goma ba za su koyi komai suna jiran filaya ɗaya ba.