Tsohon Firiji da Dokar Ghana

Tambaya: Da kuɗina, don me gwamnati za ta hana ni sayen tsohon firijin Turai? Daga wani mai karatu a Kumasi.

Amsa: Malam, gaskiya sabon firiji akwai tsada. Sai dai tun 2013 Ghana ta hana shigo da tsofaffi saboda shan wutarsu ya wuce kima. Robar ƙofa ta saki, inji yana gurnani dare da rana, mita tana cinye kuɗinka. Kuma layin da kake jan wuta shi maƙwabtanka suke ja, shi ya sa nake goyon bayan dokar. Zaɓi yana nan: a shago ka duba takardar taurari ta Hukumar Makamashi, mai taurari da yawa ya fi tsimin wuta. Ka tambaya ko suna karɓar biya kaɗan-kaɗan.