Cikar Ciki Dabam, Ƙoshi Dabam

Kusan kowace uwa a ikkilisiya ta san wannan. An ba yaro shayi da burodi da ƙarfe bakwai na safiyar Lahadi, ya ci har ya ture, amma kafin a kai rabin wa'azi ya soma jan zanen uwarsa yana kukan yunwa. Ɗan maƙwabta kuwa, wanda ya karya da koko da ƙosai, yana zaune shiru har a yi addu'ar rufewa. Ba a rasa mai cewa kwaɗayi ne ya yi wa na farkon yawa. Sau da dama laifin na abin da aka zuba masa ne.

Yunwa ba abin rainawa ba ce. A Farawa sura 25, Isuwa ya komo daga jeji a galabaice, ya sayar wa Yakubu matsayinsa na ɗan fari saboda kwano guda na fate. An saba karanta labarin domin gargaɗi a kan raina baiwar Allah, daidai ne kuwa, amma yana kuma nuna yadda yunwa take gajarta tunani. Ɗalibin da cikinsa yake ƙugi ba ya jin malami, babban da ba ya ƙoshi kuma yakan wuni yana ciye-ciye har ƙiba da ciwon sukari su same shi.

Abubuwa uku ne suke ba jiki ƙarfi. Akwai sitaci da sukari, irin na masara, dawa, shinkafa, doya da rogo. Akwai furotin, mai gina jiki, wanda yake cikin wake, waken soya, kifi, ƙwai, nama da nono. Sai kuma mai da kitse. Ana auna ƙarfin da kalori: giram guda na sitaci yana ba da 4, na furotin ma 4, na mai kuwa 9. Sai dai jiki ba ya karɓar su da hannu ɗaya.

Sa'ad da ciki ya zama wofi, yakan fitar da wani sinadari mai suna girelin, wanda masana a Japan suka gano a 1999, shi ne yake kai wa ƙwaƙwalwa ƙarar yunwa. Idan abinci ya isa hanji, wasu sinadarai sukan kai saƙon cewa ya isa haka. Furotin ya fi sauran biyun tayar da wannan saƙo, yakan kuma daɗe kafin ya narke. Farin burodi da shayi mai sukari kuwa nan da nan suke shiga jini, nan da nan kuma su wuce, kamar wutar kara.

A 1995 Susanna Holt da abokan aikinta a Jami'ar Sidni ta Ostareliya suka gwada abinci iri 38. An ba mutane kalori 240 na kowanne, aka bi yadda suke jin ƙoshi har awa biyu, aka sa farin burodi a kan maki 100 domin kwatanci. Kifi ya sami 225, wake 168, ƙwai 150, kek kuwa 65 kacal. Abin mamaki, wanda ya zo na ɗaya shi ne dafaffen dankalin Turawa, irin wanda ake nomawa a Filato, da maki 323, alhali sitaci ne. Dalili shi ne yana cike da ruwa, sai an ci da yawa kafin a kai kalori 240. Da aka soya shi a mai, sai ya faɗo zuwa 116. Ashe ban da furotin, ruwa da dusar da suke cikin abinci su ma suna riƙe ciki, mai kuwa yana tara ƙarfi mai yawa a cikin loma kaɗan. Cokali babba guda na manja ko man gyaɗa yana ɗauke da kalori wajen 120, ciki kuma da ƙyar yake sanin ya shiga.

Narkar da abinci ma aiki ne, yana cin ƙarfi. A cikin kowace kalori 100 ta furotin, jiki yakan kashe 20 zuwa 30 wajen sarrafa ta. Na sitaci 5 zuwa 10 ne, na mai bai wuce 3 ba. Kada wannan ya ruɗi kowa har ya ɗauka tsire yana narkar da teɓa, gama duk aikin narkarwa bai fi kashi ɗaya cikin goma na abin da jiki yake ƙonawa a yini ba. Fiye da rabi yana tafiya ne a numfashi, bugun zuciya, aikin ƙwaƙwalwa da ɗumin jiki, ko da mutum yana kwance. Sauran yana wurin noma, tafiya da aikin gida.

Masu cewa a yi sallama da tuwo gaba ɗaya su ma sun wuce gona da iri. A wani gwaji da Jami'ar Istanfod ta Amurka ta buga a 2018, an bi mutane 609 har shekara guda, rabi sun rage mai, rabi sun rage sitaci, aka tarar nauyin da suka sauke kusan ɗaya ne. Tuwo ba maƙiyi ba ne, zamansa shi kaɗai a kwano ne matsala.

Gidan da nama ya fi ƙarfinsa ba a rufe masa ƙofa ba. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na busasshen wake furotin ne, na waken soya ya haura kashi ɗaya cikin uku, garin rogo kuwa bai kai kashi biyu cikin ɗari ba. Shi ya sa mai jiƙa gari yake neman ƙuli-ƙuli, wanda gyaɗa ce da aka matse mata mai aka bar abin gina jiki. Alale, awara, ɗanwake, faten wake, busasshen kifi da daddawa a miya, ko garin waken soya a kunun yara, duk suna cikin abin da aljihu zai iya. Zumuntar mata, wadda ita take riƙe da tukunya a taro da biki, za ta iya ƙara wake a shinkafa ta rage man da yake iyo a kan miya. Mai fita daga azumi da addu'a kuma gara ya fara da ruwa da abinci mai riƙe ciki a kan lemon kwalba da cincin. Wanda likita ya gaya masa yana da ciwon ƙoda kuwa bai kamata ya ƙara furotin ba sai ya koma asibiti ya yi tambaya.