Moto ya ƙi tashi bayan ruwa: ina za mu duba?

Ƴan uwa manoma, da damana moto ne ke kai mu kasuwa, shi ne ke kai mai naƙuda gidan likita cikin dare. Amma sau da yawa, bayan ruwan sama ko ƙetaren gulbi, sai ya ƙi tashi. Kafin mu tura shi wurin mai gyara, mu duba wurare biyu: wuta da isansi.

Da farko, wuta

Buji ne ke ƙyasta wutar da ke kunna isansi cikin inji. Ƙarfin wutar nan ya haura bolt 10.000. Idan hular buji ko wayarta ta jiƙe, wutar tana bin lema ta gudu, ba ta kai ga bakin buji ba.

Mu cire hular, mu goge cikinta da busasshen tsumma. Mu kwance buji, mu goge shi, mu mai da shi cikin hularsa. Mu jingina ƙarfensa ga jikin inji, nesa da ramin da ya fito, mu riƙe ta wajen roba kawai. Sannan mu buɗe makulli, mu buga moto. Wuta shuɗiya mai ƙara, lafiya lau. Wuta ja marar ƙarfi, ko babu wuta sam, alama ce akwai sauran lema. Mu bi wayar har zuwa bobin, mu nemi tsagewa ko tsatsa a mahaɗan wayoyi. Mu bar moto ya sha rana. Kada mu kusanto da garwashi ko ashana, domin isansi ba ya wasa da wuta.

Na biyu, isansi

Idan wuta tana da kyau amma moto yana tari yana mutuwa, mu zargi ruwa cikin isansi. Ruwa ya fi isansi nauyi, saboda haka yana kwanciya a ƙasa. A gindin karbirato akwai ɗan ƙusa na tsiyayewa. Mu sassauta shi, mu tara cikin kwalba mai haske. In akwai ruwa, za mu gan shi kwance a ƙasan kwalbar. Mu tsiyaye har isansi zalla ya fito, mu ɗaure.

Gargaɗi

Idan moto ya nutse cikin ƙorama, kada mu buga shi. Ruwa ba ya matsuwa; in ya shiga inji, bugu ɗaya na iya lanƙwasa sandar fistan. Man inji da ya koma fari kamar nono shaida ce ruwa ya shiga. Wannan aikin mai gyara ne.

Rigakafi ya fi magani: mu kwantar da moto cikin rumfa, mu canja hular da ta tsage, mu yi guzurin buji ɗaya da makullinsa.

Tambayoyi

1. Wane launi ne wutar buji mai lafiya?
2. Don me ruwa ke kwanciya a gindin karbirato?