Injin da Zai Kai Kebbe Ya Dawo

Ɗana, mahaifiyarka ta kawo mini ƙararka. Ta ce kwamfutar da aka saya maka don karatu ta koma gareji. Wai har dare ya raba kana zaune kana haɗa injin mota a cikin wani wasa. Na ce mata ta kwantar da hankalinta. Yaron da ke kwana yana lissafin fistin da silinda bai ɓata ba. Amma na yi mata alkawarin zan yi maka magana, ga ni kuwa.

Ranar da ka nuna mini wasan nan, Automation, na ji daɗi ƙwarai. Na ga kana zaɓen ƙarfen da za a zuba injin da shi, kana faɗaɗa silinda, kana ƙara bawul, kana ɗora turbo. Ka haɗa mai silinda 8, ka kunna mini ƙararsa, fuskarka sai annuri. Ni kuwa idona na can gefen allo, wurin da ba ka duba ba, inda aka rubuta man da zai sha, da kuɗin gyaransa, da ƙarkonsa. Na yi shekaru ina jan mota tsakanin Tambuwal da Sakkwato da Jega. Da waɗannan ukun na ci abinci, da su na aurar da yayyenka.

Ka fara da mai. Kana da wayo ranar 29 ga Mayun 2023, da aka ce an cire tallafi. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000 a wurare da yawa. Ka ga abin da ya biyo baya da idonka. Ɗan kabu-kabu ya koma kashe babur a gangare. Mai noman rani a fadamun Kebbe ya tsaya yana kallon injin ban-ruwa, yana lissafin ko ya shayar da albasa yau ko ya bari sai gobe. Kuɗin mota ya ninka, aka rage zumunci, wasu marasa lafiya suka haƙura da zuwa asibitin birni. Duk cokalin man da injin ya sha a banza, daga tukunyar wani gida aka ɗebe shi.

Kuma injin fetur, ɗana, ɗan ɓarna ne tun asali. In ka zuba masa lita 10, abin da ke tura mota bai wuce kamar lita 3 ba. Sauran zafi ne, ya bi salansa da lagireto ya tafi. Aikin mai zanen inji shi ne ya ƙwato ɗan wani abu daga wannan asarar. Babbar hanyar ita ce matsi. In fistin ya ƙara matse iska da mai kafin fulogi ya ba da wuta, ɗigon mai ɗaya sai ya yi aikin da ya fi na da. Na ga ka gane wannan, don ka ja matsin har ƙarshe, ka zaɓi man da ya fi kowane kyau a cikin wasan. To, ina za ka samo shi? Direban da mai ya ƙare masa bayan isha a hanyar Kuchi, abin da ɗan bumburutu ya tsiyaya masa daga galan shi zai zuba. Mai mara ƙarfi in ya sha matsi sai ya kama da kansa ba bisa ƙa'ida ba. Za ka ji ƙwanƙwasa a cikin inji, in aka daɗe a haka fistin ya ƙone. A farkon 2022 an shigo da gurɓataccen mai ƙasar nan, motoci da yawa suka kwanta. Saboda haka ka rage matsin kaɗan, ka zaɓi man talaka, ka ga abin da za ka iya fitarwa da shi. Daidai ruwa daidai tsaki.

Sannan akwai abin da wasan bai sani ba. Bai san ƙurar hunturu ba, wadda ke bi ta matatar iska ta cinye ringi a hankali. Bai san zafin Afrilu ba, lokacin da rana ke wuce digiri 40 mota na ɗauke da buhunan gero har saman rufi. Bai san bakaniken da ke ƙarƙashin bedi da sifana biyar da yaro ɗaya ba.

Bari in ba ka labarin Fijo 504. A 1975 aka buɗe masana'antar haɗa Fijo a Kaduna. Injin motar silinda 4 ne, kusan lita 2, da kabireta. Ba ta da wani abin burgewa a takarda. Amma Turai ta gama yayinta, Kaduna na ci gaba da haɗa ta har bayan shekarar 2000. Dalili kuwa, kowane bakanike ya haddace cikinta, kayanta na kowace tasha. Wata rana tawa ta tsaya mini da fasinja tara, magariba ta kawo kai. Wani yaro ɗan koyo ya sauke kabireta, ya wanke, ya hura, ya mayar. Muka yi isha a gida. Bayan shekaru na yi kwaɗayi na sayi wata 'yar Kwatano mai kyan gani, da araha. Wani ɗan abin lantarki da bai kai akwatin ashana ba ya lalace a cikinta, ta yi wata biyu a ƙofar gida awaki na kwana a ƙarƙashinta. A nan na gane farashin mota ba ya ƙarewa ranar ciniki. Ba ina ce maka ka koma kabireta ba, ɗana, injin zamani ya fi ta tattalin mai nesa ba kusa ba. Amma kowane ƙarfe da za ka ƙara, ka tambayi kanka wa zai kwance shi, kuma a ina za a sayo wani.

Kada ka ɗauka mafarkin ya fi ƙarfinka. Dogon Daji nan kusa da mu take, kuma can ne asalin Jelani Aliyu. Ya yi karatu a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Sakkwato, ya karanci zanen gine-gine a kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi, sannan ya tafi Detroit a Amurka ya koyi zanen mota. A 1994 ya kama aiki da General Motors. Shi ya zana siffar Chevrolet Volt da aka nuna wa duniya a 2007, kuma a 2017 aka kira shi gida ya jagoranci hukumar ƙasa mai kula da zane da ƙera motoci. Ka lura da wani abu: motar da ta fito da sunansa ba ta gudun tsere ba ce. Batir ke jan ta, kuma wadda aka fitar kasuwa ɗan ƙaramin inji gare ta, lita 1.4, yana taimakawa in caji ya ƙare. Kuma kafin ya kai can, sai da ya zauna a aji ya ci jarrabawa. Wannan ɓangaren saƙon mahaifiyarka ne, ni ma na sa hannu.

Ga aikin da zan ba ka. Ka ajiye mai silinda 8 ɗin nan, ba zai gudu ba. Ka haɗa mini mai silinda 4, ko ma 3, wanda ke da ƙarfin ja tun yana tafiya a hankali, don mota mai lodi a cikin yashi abin da take nema ke nan. Ka sa masa man da ya fi araha. Ka bar wa lagireto wuri. In ka gama ka rubuta abin da zai sha a kilomita 100, sai mu buga da kuɗin lita na yau, mu ga ko direba zai kai Kebbe ya dawo da na cefane.

Ranar Asabar in Allah ya kai mu ka zo da kwamfutar, ka sa tsofaffin kaya. Akwai wani abokina bakanike a bakin tasha da ya sauke injin wata Golf. Na roƙe shi kada ya ɗaure sai ka zo ka riƙe fistin da hannunka.