Yadda ake cike giɓin kyamarar da motsi kaɗai take gani

Idan aka kafa wannan kyamara a gaban bango, ba abin da za ta nuna. Sai ƙuda ya gifta, sannan ɗigogi su tashi kamar tartsatsi, su bi gefen fikafikansa, su mutu. Haka Tobi Delbruck da abokan aikinsa suka ƙera ta a Zurich, suka bayyana ta a 2008, da ɗigo 128 a tsaye, 128 a kwance. Kowane ɗigo zaman kansa yake yi. Ba ya magana sai haske ya ƙaru ko ya ragu a kansa, kuma abin da zai faɗa bai wuce huɗu ba: layinsa a tsaye, layinsa a kwance, lokacin, da ko ƙaruwa ce ko raguwa. Lokacin ma ana auna shi da kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa.

Saurin ya yi daɗi, amma hoton duk ramuka ne.

Aikin farko wajen cike su tankaɗe ne. Wasu ɗigogin kan yi tartsatsi haka kawai, musamman cikin duhu, don haka duk wanda maƙwabtansa ba su motsa tare da shi ba, akan watsar da shi. Daga nan sai a tara sauran a yanka su faifai-faifai bisa lokaci, galibi biyar, a jera su yadda kwamfuta za ta iya karantawa.

Koya wa kwamfutar cike ramukan shi ne mai wuya, domin na'ura na bukatar tartsatsin da kuma ainihin hoton da ya haife shi, ta riƙa gwadawa. A Jami'ar Zurich, Henri Rebecq da Davide Scaramuzza da abokansu sun yi dabara a 2019: suka ɗebo hotuna daga rumbun MS-COCO, suka motsa su cikin kwamfuta, manhajarsu ESIM ta ƙirƙiro tartsatsin da kyamara za ta fitar. Da wannan suka horar da wata manhaja, E2VID, wadda ke riƙe abin da ta gani ɗazu ta cike gurbin da ya yi shiru yanzu. Har harsashi ta nuna yana tarwatsa kofi, a hotuna fiye da 5,000 cikin daƙiƙa guda. A shekarar kuma wasu masu bincike a Koriya ta Kudu suka haɗa na'ura biyu gasa, ɗaya tana zana hoto, ɗaya tana neman kama ta da jabu, har zanen ya nuna.

Matakin ƙarshe shi ne wanda bai kamata a yi wa gaggawa ba. Abin da na'urar ta zuba a ramin nan hasashe ne, kuma tana iya shafe farin bango da zanen da babu shi. A motar da ke tuƙa kanta, wannan batun rai ne. Shi ya sa ake gwada sakamakon da kyamara irin DAVIS, wadda ke ɗaukar tartsatsi da hoto na yau da kullum a tare, a ɗora wannan kan wancan a ga inda na'urar ta yi ƙari.