Babi na 9: In Bakin Yaro Ya Yi Wari

Ku iyaye ne, ba sai na koya muku raino ba. Kun san ƙyanda, kun san tamowa. Abu guda nake so mu gyara: jira. In dasashin yaro ya yi ja, yana jini, bakin yana wari, kumatu ya fara kumburi, a kai shi asibiti a ranar.

Na ga abin da idona a wani gida kusa da Tsamiya. Yaron ɗan shekara 3 ne, bai daɗe da tashi daga ƙyanda ba. Uwar ta ɗauko shi ta nufi ɗakin surukarta.

"Inna, ki duba bakin yaron nan. Kwana 2 ke nan ko kunu ba ya sha."

Inna ta leƙa, ta toshe hanci. "Ciwon iska ne, 'yar nan. Ba na hana ki bi da shi ta bakin gulbi da almuru ba? Kawo garwashi mu yi masa hayaƙi."

Maigida yana ɗaure buhun shinkafa a bayan babur. Uwar ta ce, "Malam, ko mu je asibitin Bagudo?"

"Bari in dawo daga Segbana, zan sayo masa ƙwaya a hannun mai talla."

Sai ga maƙwabciya ta leƙo ta katanga, ba wanda ya tambaye ta. "Haƙori ne kawai! Nawa duk haka suka yi."

Irin maƙwabtan nan sun ishe ni. Ba su duba bakin yaro ba, ba su raka uwa asibiti ba, sai ba da fatawa daga kan katanga. Aka yi kwana 6 ana hayaƙi. Ranar da aka kai shi asibiti, kumatun ya riga ya yi baƙi, ya huje. Ya rayu, amma da rami a fuska.

Likitoci suna kiran cutar noma. Sunan bai haɗa komai da noman gona ba.  Akwai Farfesa Cyril Enwonwu, ɗan Najeriya da ya koyar a Jami'ar Maryland ta Amurka. Ya yi shekaru yana binciken wannan cuta, har a kan yaran ƙasar Sakkwato. Abin da ya gano shi ne, yunwa da ƙyanda sukan raunana jikin yaro, sai ƙwayoyin cuta na cikin baki su samu ƙofa su ci nama. Ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6. Ba ta yaɗuwa daga yaro zuwa yaro. In ba a yi magani ba, tana iya kashe 9 cikin 10. In an zo da wuri, maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai kyau sukan tsayar da ita. Shi ya sa nake maimaitawa: a kai yaro asibiti a ranar, kada a jira ranar kasuwa.

Rigakafin ƙyanda, asuwaki, wake da kifi da zogale a kwanon yaro, duk kun sani.

Yaron da fuskarsa ta riga ta lalace kada a ɓoye shi a ɗaka. Tun 1999 akwai Asibitin Noma na Yara a Sakkwato, inda ake aikin gyaran fuska. A watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, bisa roƙon da Najeriya ta jagoranta.

Yau in kun koma gida, ku buɗe bakin kowane ƙaramin yaro a cikin haske, ku duba dasashinsa. In kun ji wari ko kun ga jini, kada ya kwana a gida.